Sitiyari a Tsaye, Mota Tana Kauce wa Hanya: Fashin Baƙi a Kan Bam-Sitiya

Akwai wata cuta da ke kama motocin gudu, musamman waɗanda aka taɓa musu ƙafa, wadda direba ke ji a jikinsa tun bai san sunanta ba. Kana tafe a miƙaƙƙen titi, hannu biyu a kan sitiyari, ba ka motsa shi ko kaɗan ba. Tayar dama ta hau wani ɗan tudu, ko facin kwalta da ya ɗaga, sai ka ji motar ta fizga gefe kamar dokin da ya hangi maciji. Ka gyara ta, ta dawo, a tudu na gaba ta sake. Injiniyoyin mota a Ingila da Amurka suna kiran wannan bam-sitiya, wato taya ta juya don kanta saboda ƙafar mota ta yi sama ko ta yi ƙasa, ba don direba ya umarce ta ba.

Abin da ke ba ni takaici a wannan matsala shi ne kuɗin da ake zubarwa a banza. Mai mota zai sayi sababbin shokozoba, ya sauya tayoyi, ya kai ta alaimen har sau uku, amma cutar tana nan daram. Ba wani abu ne ya lalace ba. Ƙarafa biyu ne da ya kamata su yi tafiya tare suka raba hanya, kuma injin alaimen ba zai gani ba, domin shi motar da ke tsaye yake aunawa, ita kuwa cutar sai ƙafa ta motsa take fitowa.

Mu fara da yadda aka ɗaura tayar gaba. Tana zaune ne a kan wani ƙarfe da makanikai ke kira nokul. Daga ƙasa akwai hannun da ke riƙe da shi, lowa-am, wanda gindinsa ke maƙale a jikin mota da bushin, bakinsa kuma ya haɗu da nokul ta boljoyin. Daga sama, ko dai akwai wani hannun na biyu, kamar yadda yake a Mazda MX-5 tun fitowarta a 1989 da Honda Civic na 1988 zuwa 2000, ko kuma shokozoba da sifirin ɗinsa ne ke tsaye a matsayin hannun, tsarin da ke ɗauke da sunan injiniyan Amurka Earle MacPherson, wanda shi ne a gaban mafi yawan ƙananan motocin da ke kan titi a yau. Na ukunsu shi ne tairod, sandar da ta taso daga rak ɗin sitiyari, wato dogon ƙarfe mai haƙora da sitiyari ke turawa hagu da dama, ta kama wani ɗan hannu da ya fito daga jikin nokul. Ita ke tura taya ko ta jawo ta idan ka murza sitiyari.

Duk wanda ya taɓa ɗaure akuya a turke ya riga ya san rabin wannan ilimi. Akuyar da ke kan gajeriyar igiya ƙaramin da'ira take zagawa, mai doguwar igiya kuma babba. Lowa-am da tairod haka suke: kowannensu yana da turkensa a jikin mota, kuma bakinsa na waje ba miƙe yake hawa da sauka ba, lanƙwasa yake yi. Duk sanda ya ɗaga sama da daidai, yana ɗan matsowa ciki. To ga akuyoyi biyu, kowace da turkenta da tsawon igiyarta, an kuma haɗa wuyansu da sanda guda, wato nokul. Idan da'irorinsu sun dace, sandar za ta hau ta sauka ba tare da ta karkace ba. Idan ɗaya ta riga ɗaya matsowa ciki, dole sandar ta juya. Juyawar nan ita ce bam-sitiya.

Lissafin ba wuya gare shi, kuma shi ke nuna girman abin. Sanda mai tsawon milimita 300 da ke kwance daidai, idan bakinta ya ɗaga milimita 50, za ta matso ciki da milimita 4.2. Mai tsawon milimita 400 kuwa, a ɗagawa iri ɗaya, milimita 3.1 kawai za ta matso. Bambancin kusan milimita ɗaya ne kawai, amma yana juya taya. Wannan matsalar tsawo ke nan. Matsalar karkata ta fi ta muni nesa ba kusa ba. A ce tairod ta kauce wa inda ya dace da digiri 5. Ƙafa ta ɗaga milimita 25 kacal, bakin tairod zai gusa da kusan milimita 2.2 fiye da ƙa'ida. Idan ɗan hannun nokul yana da tsawon milimita 130, taya ta juya kusan digiri 1 ke nan. Ka ce digiri ɗaya mene ne? A motar da sai ka murza sitiyari digiri 15 kafin taya ta juya digiri 1, daidai yake da wani ya miƙo hannu ya fizgi sitiyarinka digiri 15 ya saki. A gudun kilomita 100 a awa, mota tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, kuma tayar da ta karkata digiri 1 tana neman ta tafi gefe da kusan rabin mita a wannan daƙiƙar. Ɗayar tayar da nauyin motar za su rage ƙarfin abin, amma ba za su kashe shi ba.

Masu zana mota suna da ƙa'idar da suke bi. Idan ka tsaya a gaban mota mai hannu biyu, ka ja layi ta cikin hannun sama, ka ja wani ta cikin hannun ƙasa, ka miƙa su zuwa ciki, za su haɗu a wani wuri, sau da yawa can bayan ɗayar tayar. A wannan lokacin, kewaye da mahaɗar nan taya ke lilo. Ana so layin tairod shi ma ya nufi wannan mahaɗa, kuma gaɓarta ta ciki ta faɗa a kan layin da ya haɗa turakun hannayen biyu. A gareji an taƙaita wannan zuwa cewa tairod ta yi layi ɗaya da lowa-am. Maganar tana kusa da gaskiya idan tairod tana kusa da tsayin lowa-am, amma akwai tarko a ciki: ba siffar ƙarfen ake dubawa ba, tsakiyar gaɓa zuwa tsakiyar gaɓa ake ja wa layi. Lowa-am na iya zama lanƙwasasshe, ido ya ruɗe ka.

Me ke ɓata wannan daidaito? Na farko kuma mafi yawa shi ne saukar da mota. Kamfani ya zaɓi tsayin da motar za ta zauna, ya shirya da'irorin nan su fi dacewa a kusa da wannan tsayi. Can nesa da shi, sama ko ƙasa, sun fara rabuwa, amma ba damuwa tunda ƙafa ba ta cika kaiwa can ba. Ranar da ka sa gajeren sifirin, ko aka yanke maka na asali, ka mai da motar tana zaune a inda da can sai ta faɗa rami take leƙawa. Daga nan kowane ɗan motsi yana faruwa ne a ɓangaren da da'irorin suka riga suka raba gari. Motocin MacPherson sun fi jin wannan, domin mahaɗar tasu tana gudu da sauri idan lowa-am ya karkata.

Honda Civic na 2001 zuwa 2005 misali ne da ya kamata a sani, tunda motar ta cika titunanmu. A wannan ƙirar aka bar tsarin hannu biyu na gaba aka koma MacPherson, aka ɗora rak ɗin sitiyari can sama a bayan inji, hannun da tairod ke kamawa kuma yana jikin shokozoba ne, ba a ƙasa kusa da lowa-am ba. A tsayin kamfani tana tafiyarta lafiya. Idan aka sauke ta sosai, tairod ɗin sai su tashi tsaye suna kallon sama, kuma duk shokozoban kasuwa da aka sa mata, tsayin da aka liƙa wannan hannun a jikinsa ya shiga cikin lissafin sitiyari. A irin wannan motar, sauya shokozoba taɓa sitiyari ne, ko mai saye ya sani ko bai sani ba.

Na biyu ya fi ban tausayi, domin gyara ne ke haifar da shi. Mutum ya sauke mota, ya ji labarin cewa lowa-am ya karkace, sai ya sayo dogon boljoyin don ya maido da shi kwance. Ya yi daidai a nan. Amma ya sauke bakin lowa-am ya bar bakin tairod a inda yake, ya raba abokan tafiya da hannunsa. An gudu ba a tsira ba. Duk wanda zai sa dogon boljoyin, to ya shirya sauke kan tairod tare da shi. Haka ma kasta, wato jinginar da ake yi wa ƙafa baya don sitiyari ya riƙa dawowa tsakiya da kansa. Masu tsere suna son ƙara ta. Amma jingina nokul baya yana ɗaga ɗan hannun da ke gabansa, ko ya sauke wanda ke bayansa, kuma tsayin bakin tairod ya canza ke nan.

Sai haɗe-haɗen kaya. Masu Ford Mustang na 1979 zuwa 1993 a Amurka sun daɗe suna ɗauko nokul na ƙirar da ta biyo baya don su sami babban birki. Na 1994 da 1995 yana zama kusa da daidai. Na 1996 zuwa sama kuwa hannunsa na sitiyari ya fi sauka, domin an ƙera shi ne don motar da aka sauke wa rak saboda sabon inji. Notuna za su shiga, ƙafa za ta ɗauru, ido ba zai ga aibu ba, amma lissafi ya tashi. Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye, mu da ke sayen kayan Beljiyom da ido, ana cewa ai duk ɗaya ne tunda ya shiga. Rak ɗin da ya fi na asali faɗi ko ƙanƙanta yana gusar da turken tairod. Rak ɗin da aka matsar don a sami wurin babban inji ma haka. Masu wasan zamiya da mota, waɗanda ke yanke hannun nokul su gajarta shi don taya ta ƙara lanƙwasa, suna ninka duk kuskuren da ke akwai, domin milimita ɗaya a gajeren hannu ta fi juya taya.

Akwai kuma wani ɗan sakaci da nake gani a wuraren alaimen. Ana gyara buɗin tayoyi, wato yadda gabansu ke kallon ciki ko waje, ta ɓangare ɗaya kawai, sannan a cire sitiyari a miƙar da shi. Sakamakon shi ne tairod ɗin hagu da na dama ba tsawonsu ɗaya ba, rak ba ya tsakiya, kowace taya da irin halinta. Rami mai zurfi da ya lanƙwasa hannun nokul, ko hatsarin da ya karkatar da gadon da rak ke zaune, su ma suna kawo wannan.

Kafin a zargi lissafi, a tabbatar ba tsufa ba ne. Kan tairod mai wasa, boljoyin da ya ci, bushin da ya yage, duk suna sa mota yawo a titi. Faffaɗar taya mai siririn gefe tana bin kwarin da manyan motoci suka yi a kwalta. Rim ɗin da ya fito waje da yawa yana sa duka ya dawo hannunka ta sitiyari. Mota mai ja da gaba kuma mai ƙarfin inji tana iya fizga idan ka danna totur. Alamar da ta bambanta bam-sitiya ita ce yana bin motsin ƙafa: yana zuwa a tudu, a gangare, a lokacin da gaban mota ya duƙa saboda birki, da kuma a tsakiyar kwana idan mota ta jingina, inda za ka ji tana ƙara shiga ko tana buɗewa alhali hannunka na nan yadda yake.

Na taɓa ganin wani dattijon mai gyaran ƙafa ya nuna wa wani saurayi wannan ba tare da wata na'ura ba. Saurayin ya sauke motarsa har ta kusa lasar ƙasa, yana rantsuwa cewa rak ne ya mutu. Dattijon ya shimfiɗa leda mai kauri ninki biyu da ɗan girisi a tsakani a ƙarƙashin kowace tayar gaba, don kada ƙasa ta riƙe su. Ya ɗaure sitiyari, ya ɗaure wani dogon siririn katako a jikin rim, bakinsa ya zarce gaban motar da kamu uku. Ya sa yaransa biyu suka danne gaban motar suka saki. Bakin katakon ya yi waje, ya dawo, kamar ana kaɗa shi da hannu. Ya ce, "Ɗana, ka ga wani ya taɓa sitiyari?" Saurayin ya ce, "A'a, Baba." Ya ce, "To rak ɗinka lafiyarsa lau."

Wannan gwaji yana nuna akwai cuta. Don magani kuwa sai an auna, kuma a nan nake so a yi haƙuri, domin aikin yini ne. Da farko a gama duk sauran saiti: tsayin mota da nauyin direba a ciki, kasta, jinginar taya, da buɗin tayoyi, rak yana tsakiya, tairod biyu tsawo ɗaya. A auna tazarar da ke tsakanin tsakiyar taya da bakin bodi a rubuta. A ɗaga mota a kan abin tokare mai ƙarfi, a cire taya, a cire sifirin, a kwance sitabilaiza, wato sandar da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama don rage jinginar mota, a kulle rak yadda ba zai motsa ba. A ɗaure faranti mai santsi a inda rim ke zama, a sa jak a ƙarƙashin lowa-am, a maido da ƙafar tsayin da aka rubuta. A wuraren tsere ana jingina agogon awo biyu a farantin, ɗaya gaba ɗaya baya, ana karanta bambancinsu. Wanda ba shi da su zai iya manna ɗan madubi a farantin, ya haska masa fitilar leza, hasken ya dawo kan takardar da ke kusa da fitilar. Sai a riƙa ɗaga ƙafar milimita 10 bayan milimita 10 har wajen 50 ko 60 sama, a sauke ta haka nan ƙasa, ana rubuta inda aka samu a kowane mataki. Kowane gefe daban ake yi.

Takardar nan ita ke faɗin laifin. Mu ɗauki motar da rak ɗinta ke gaban tsakiyar tayoyi. Idan taya tana buɗe baki waje in ƙafa ta yi sama, tana tsukewa ciki in ta yi ƙasa, matsalar tsayi ce: a ɗaga bakin tairod na waje ko a sauke rak. Idan tana tsukewa a sama tana buɗewa a ƙasa, a sauke bakin waje ko a ɗaga rak. Idan kuwa tana tsukewa a sama da ƙasa duka, tairod ta yi gajarta, turkenta na ciki yana bukatar matsawa ciki. Idan tana buɗewa a duka biyun, ta yi tsawo. A motar da rak ke bayan tsakiyar tayoyi, duk hukuncin nan sai a juya shi. Matsalar tsayi ita ce ta fi yawa kuma ta fi sauƙin gyara. Ta tsawo tana da wuya, domin murɗa tairod a zarenta buɗin taya kawai yake canzawa; gyaran gaske sai an sauya rak ko an matsar da gaɓar ciki ko hannun nokul.

Kayan gyaran tsayi iri biyu ne. Ko a sa washa masu kauri a ƙarƙashin rak a ɗaga shi, kamar yadda masu tsofaffin Porsche 911 ke yi idan sun sauke motar, ko a cire kan tairod na asali a sa gaɓa mai ƙwallo a cikin zobe, wadda Amurkawa ke kira Heim, Ingilishi kuma Rose, a kan doguwar ƙusa da ake jera wa zobba har a sami tsayin da ake so. Milimita ɗaya ko biyu na zobe yana sauya sakamako, don haka a ƙara kaɗan, a sake saita buɗi, a sake aunawa. Sayen irin wannan kaya a ɗaura ba tare da awo ba caca ce, kuma yana iya mai da motar ta fi yadda take a da muni. Wani lokaci ma gyara mafi arha shi ne a ɗaga motar da milimita 15 ko 20, ta koma kusa da inda aka zana ta.

Ba dole ne a kai sifili ba. Kamfanoni da yawa da gangan suke barin tayar gaba ta ɗan buɗe kaɗan in ƙafa ta yi sama, domin a kwana tayar waje ta ɗan sassauta juyi, motar ta yi sanyin hali a hannun direban da ba gwani ba. Abin da ake nema shi ne kaɗan, a hankali, kuma iri ɗaya hagu da dama. A baya kuwa hukuncin ya fi tsanani. Tayar baya ta waje da ke buɗewa in mota ta jingina tana tura gindin motar waje a tsakiyar kwana, kuma wannan shi ke juya mota ta kalli inda ta fito. Shi ya sa ake son baya ya tsaya cik ko ya ɗan tsuke. Porsche ta ɗauki abin da muhimmanci har ta ƙera wa 928 ta 1977 ƙafar baya ta musamman mai suna Weissach, wadda ke tsuke tayar idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur, duk da cewa can laushin bushin ake magancewa, ɗan'uwan wannan cuta. Motar da ke da sandar saita buɗi a baya, duk abin da aka faɗa game da tairod ya hau kanta.

Masu ɗaga mota ma ba su tsira ba. A Land Cruiser mai gatari guda a gaba, irin ƙirar 80 ta 1990 zuwa 1997, sandar da ke kai juyi daga akwatin sitiyari zuwa taya da sandar Panhard da ke hana gatarin zamewa gefe su ne akuyoyin biyu. Muddin suna tafiya a layi ɗaya da tsawo kusan ɗaya, lafiya. Wanda ya sauke gindin ɗaya ya bar ɗaya zai ji sitiyari yana rawa a hannunsa a duk gargada.

A kan abu ɗaya ba na sassauci. Tairod ita kaɗai ce tsakaninka da tayar, ba ta da mataimaki. Kada a gasa hannun nokul da wuta don a lanƙwasa shi, kada a yanke tairod a yi mata walda. Tarin zobba masu yawa suna mai da ƙusar doguwa, dukan rami ya riƙa neman lanƙwasa ta a gindi, saboda haka a yi amfani da ƙusa mai ƙarfi da aka yi don wannan aiki, a ɗaure ta da ma'aunin ɗauri, a sa faffaɗan washa a ƙarshe wanda ya fi bakin zoben girma, ta yadda ko ƙwallon ya fita tairod ba za ta zame ba. A juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, ƙafa tana can sama da can ƙasa, a tabbatar gaɓar ba ta cije ba kuma ba ta gogar rim. Gaɓar Heim a buɗe take, ba ta da rigar roba irin ta kan tairod na kamfani. An yi ta ne don motar tsere da ake dubawa bayan kowace fita. A ƙurar hunturu da yashin damina irin namu tana saurin ci. Wanda zai hau titi da ita kullum ya nemi mai riga, kuma duk sanda aka juye baƙin mai ya sa a ɗaga motar, a kama tayar hagu da dama a girgiza, a saurara ko za ta yi ƙara.